Yadda Ake Duba Tsohon Komik Kafin a Biya Kuɗinsa

Komik na farko da na saya don ajiya, asara na tafka a kansa. A wata kasuwar ranar Lahadi ce a Ingila, irin wadda mutane ke zuwa fili su buɗe bayan mota su baje tarkacen gida. Na hango wani na Marvel, kamfanin komik na Amurka, bugun 1974, bangonsa sai ƙyalli yake yi kamar jiya ya baro maɗaba'a. Na juya gaba, na juya baya, na zaro kuɗi na biya, har ina ganin na yi wa mai shi wayo. Sai da na koma ɗaki ina karantawa, na iso shafin wasiƙun masu karatu, sannan na ga taga a tsakiyar takarda. Wani yaro ya sa almakashi ya yanke ɗan hoto tun shekaru aru-aru, ya tafi da shi, ya haɗa da abin da ke bayan shafin. Daga ranar na daina barin bango ya ruɗe ni. Ciki nake fara dubawa, bango ya biyo baya, kuma a kan wannan tsarin zan bi da kai.

Komik dai shi ne mujallar nan ta labari cikin zane, wadda maganar mutane ke fitowa a ɗan kumfa a saman kawunansu. Babbar kasuwar tsofaffinsu a Amurka take, can aka tsara ma'aunin lafiyarsu, can kuma ake yanka farashi, sai Ingila da Faransa da ke da nasu. Masu harkar sun kasa na Amurka zamani-zamani: na zinariya daga 1938 zuwa wajen 1956, na azurfa daga 1956 zuwa wajen 1970, na tagulla daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1980. Ka riƙe waɗannan shekarun, za su yi maka amfani a gaba.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma duk suna shiga aljihun jaka.

Tocila ƙarama mai farin haske. Ta waya ma ta isa.

Gilashin ƙara girma, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. In babu, kyamarar waya ta wadatar: ka ɗauki hoto kusa-kusa, ka buɗa shi da yatsa.

Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Ba dole ba ce, amma ranar da za ta yi maka rana sai ka sa wa wanda ya ƙirƙiro ta albarka.

Rula mai santimita, da kwali mai tsabta wanda za ka ɗora komik ɗin a kai, domin teburin kasuwa ba ya rabo da maiƙo.

Wani komik mai araha na zamani ɗaya da wanda za ka saya, don gwada tsawo da faɗi da launin takarda.

Waya mai data, don duba adadin shafuka da farashi.

Sai hannu wankakke, busasshe, ba mai ba turare. Kada ka sa safar hannu ta auduga. Tana hana yatsa jin takarda, kuma zarenta na kama gefen shafi ya yage.

1. Ka fara sanin wane ne a hannunka

Kafin a yi maganar lafiya, a tabbatar da suna. Kowace fitowa ta komik da lambarta, amma lamba 1 da ke jikin bango ba ta nufin komai ita kaɗai, domin kamfanoni sun sha sake buga fitattun lambobinsu da bango iri ɗaya. Abin da ba ya ƙarya shi ne ɗan siririn rubutun nan da ke ƙasan shafin farko ko a cikin bangon gaba, inda ake rubuta cikakken sunan mujallar, lambarta, wata da shekara, da sunan kamfani. Ka karanta shi da gilashi, harafi bayan harafi. In ka ga shekarar da ke wurin ta saɓa wa shekarar da aka san lambar ta fito, to maimaici ne.

Farashin da aka buga a bango shi ma shaida ne. Komik ɗin Amurka na yau da kullum senti 10 na dala ne har zuwa wajen 1961, ya koma senti 12 har 1969, sannan 15, sannan 20 a farkon shekarun 1970, 25 a 1974, 30 a 1976. Layukan nan na baƙi da fari da na'urar kanti ke karantawa kuwa sai a tsakiyar shekarun 1970 suka fara hawa bango. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka komik yana cewa na 1962 ne alhali akwai waɗannan layuka a jikinsa, ka mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Akwai tarko guda da ya daɗe yana kama mutane. A 1974 kamfanin DC ya sake buga Action Comics lamba 1, wanda Superman ya fara fitowa a ciki a 1938, shafi bayan shafi har da tallace-tallacen ciki, ya lulluɓe shi da wani bango na waje mai bayanin cewa maimaici ne. Sai masu son banza su cire bangon wajen su ce ga na asali. Rula ce ke tona musu asiri, don maimaicin ƙato ne, tsawonsa ya haura santimita 33, na asalin kuwa bai kai 28 ba. Ba a banza ake wannan wahalar ba: a watan Afrilun 2024 an sayar da na asali guda a gidan gwanjon Heritage a kan dala miliyan 6. A 'yan shekarun nan ma Marvel da DC suna fitar da kwafin tsofaffin lambobi sak da na da, sai dai takardarsu fara ce fes, farashin bangon kuma na yanzu ne.

In ka ga farashin bango 9d ne, wato nai a lissafin kuɗinmu na da, ko 10d, ko 1/- wato sule guda, kada ka yi saurin cewa jabu ne. Marvel kan buga wani kaso na komik ɗinta a Amurka, lokaci ɗaya da sauran, amma da farashin Ingila don a kai can. Bugun farko ne na gaskiya, ko da yake masu saye a Amurka sun saba taya shi ƙasa da mai farashin senti. Wanda ya bambanta da shi shi ne wanda aka sake bugawa a Ingila kanta, galibi cikinsa baƙi da fari, kamar na mako-mako da Marvel ta fara fitarwa can a 1972. Irin waɗannan na fi cin karo da su wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a gida. Suna da daɗin karatu, amma kuɗinsu kaɗan ne.

2. Ka ciro shi, ka sansana

In yana cikin leda, ka nemi izini tukuna, ko ma ka bar mai shi ya ciro da hannunsa. In kai za ka ciro, ɓare salatef ɗin bakin ledar gaba ɗaya ka manna shi a gefen tebur. Na taɓa ganin salatef ya kama bango wajen fitowa ya ɗauke fatar zanen, aka yi cirko-cirko ana gardamar wa zai biya. Wanda ya ƙi a buɗe sam, to cinikin biri a sama yake so ku yi, sai ka taya kamar mai sayen abu mai aibi.

Ɗora shi a kan kwalinka, ko ka tallafe shi a tafin hannu ya ɗan lanƙwasa kamar kwale-kwale. Kada ka baje shi ka danne kamar jarida.

Yanzu kai hanci. Tsohuwar takarda mai lafiya tana da ɗan ƙamshi irin na ɗakin karatu. Warin tsami mai hawa kai yana nufin takardar ta fara cin kanta, domin da takardar jarida mai araha aka buga su, ba a yi su don su shekara hamsin ba. Warin danshi kuwa alamar fumfuna ce, ita kuma ba ta zama a littafi ɗaya, sai ta bi sauran da ka ajiye su tare. Komai arahar mai fumfuna, ni ba na kai shi gida.

Dubi launin shafuka, musamman gefe-gefe, don daga nan tsufa ke farawa ya nufi tsakiya. Fari ya fi daraja, sai mai ɗan duhu kaɗan, sai ruwan madara, sai ruwan ƙasa. Na ƙarshe shi ne wanda ya bushe har yana karyewa. Kada ka gwada ta hanyar lanƙwasa kusurwa, ba naka ba ne tukuna. Leƙa gindin ledar kawai: in ka ga ɓurɓushin takarda kamar garin ƙanzo, ka samu amsa. Irin wannan ba ya gyaruwa, kuma duk buɗewa ɗaya sai ya ragu.

3. Ƙirga shafuka

Nan ne na faɗi, nan ne kuma yawancin sababbin shiga ke faɗuwa, don aikin na da gundura, ga mai kaya ya zuba maka ido. Ka daure.

Komik ɗin Amurka manyan takardu ne aka jera aka ninke biyu, aka ɗinke da fil biyu na sitefula a tsakiya. Saboda haka yawan fallayen da ke gaban fil dole ya yi daidai da na bayansa. Na yau da kullum a zamanin azurfa da tagulla shafi 32 ne ban da bango, wato falle 8 kafin ka iso tsakiya, falle 8 bayanta. Na farkon zamanin zinariya kuwa shafi 64 ne, falle 16 kowane ɓangare, daga baya aka yi ta rage su. In ka samu 8 a gaba 7 a baya, an yage falle guda. In ka samu 7 da 7, to takardar tsakiya ce ta fita ɗungurungum, kuma wannan ya fi wuyar ganewa tunda lissafi ya daidaita. Ka karanta shafin hagu na tsakiya ka ga ko labarin ya zarce zuwa na dama ba tsalle. In kana shakkar adadin da ya kamata, shafin intanet na Grand Comics Database yana kawo yawan shafuka da jerin abin da ke cikin kusan kowace lamba, kyauta.

Kada ka tsallake shafukan talla. Su yara suka fi yi wa ɓarna, suna yanke takardar oda don a aiko musu da kayan wasa. Tsakanin 1974 da 1976 Marvel ta riƙa buga wani ɗan hoto mai kama da kan sarki a cikin komik ɗinta, ana yankewa ana mannawa a wani ɗan littafi. Shi ne abin da aka yanke a nawa. Babban abin takaicin ma, ɗaya daga cikin lambobin da ke ɗauke da wannan hoton ita ce Incredible Hulk lamba 181 ta 1974, inda jarumin nan Wolverine ya fara fitowa sosai, lambar da ake rububinta. Mai hoton da marar hoton, farashinsu ko kusa ba ɗaya ba.

Na Ingila su kuma matsalarsu kyauta ce. Sukan liƙa ɗan abin wasa a lambar farko, kamar faifan roba na jifa da ya zo da 2000 AD lamba 1 a 1977. Yawancin yara sun ɓare nasu a ranar, don haka wanda ya zo da kyautarsa ya ninka wanda ya zo hannu rabbana.

4. Fil da ƙashin baya

Buɗe tsakiya ka haska fil ɗin biyu. Abin nema uku ne. Tsatsa, da ko ta zuba a takarda ta bar jan tabo. Sai ko bango da takardar tsakiya suna riƙe a duka fil biyun, ko ɗaya ya saki. Na uku, ko fil ɗin na asali ne. In komik ya yi shekara sittin amma fil ɗinsa na walƙiya, alhali ga tabon tsatsa a takarda kewaye da shi, an canza. Haka in ka ga ƙarin huda kusa da inda fil ya shiga, ko ƙafafunsa sun lanƙwashe a karkace kamar da filaya aka matse su, wani ya taɓa kwance littafin. Wanda ya kwance kuwa da dalili ya kwance: ko ya wanke bango, ko ya ɗauko bango ko falle daga wani kwafin ya haɗa.

Daga nan rufe shi ka dubi ƙashin bayan, wato layin ninkin. Ƙananan karaya da ke gitta shi, waɗanda suka fasa launi har fari ya fito, su ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya in ana neman ba komik babban maki, wato lambar da ke nuna lafiyarsa. Duba ko ya tsage daga sama ko daga ƙasa, ka auna tsagar da rula. Sannan ajiye shi a kwance ka duba daga gefe. In ƙashin bayan ya murɗe ya hau sama, wani ne ya riƙa naɗe shi baya yana karatu da hannu ɗaya.

5. Sai yanzu bango

Kashe son zuciya, kunna tocila. Kada ka haska daga sama, kwantar da hasken ya bi fuskar bangon daga gefe, kamar yadda hasken yamma ke fito da ramukan hanya. Nan take lanƙwasa, da shatin yatsa, da sawun biro na wanda ya ɗora takarda a kai ya yi rubutu za su bayyana. Takardar da ta taɓa jiƙa ta bushe za ka ga tana da tudu da kwari, wani lokaci da zoben ruwa a bangon baya.

Dubi kusurwoyi huɗu, masu tsini ne ko sun dakushe. Dubi ja da rawaya, don su rana ke fara cinyewa, sai ka ga jan ya koma kamar ruwan lemo. Layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa a tsakiyar bango alama ce ta waɗanda aka ninke aka aika ta gidan waya. Wasu na Marvel na farkon shekarun 1960 za ka ga gefen damansu ya ɗan gutsuttsure, wannan daga maɗaba'a ne wajen yanka, amma duk da haka yana rage maki. In kuwa saman bangon ne babu, inda sunan yake, to irin waɗanda ba a sayar ba ne, masu kanti suka yage sunan suka mayar wa dillali don a biya su, gangar jikin kuma ta bi ta bayan fage ta shigo kasuwa.

Ɗan kwanan wata da mai kanti ya rubuta da fensir, ko ƙaramin hatimi, bai cika damun masu saye ba. Sunan yaro da aka rubuta da alƙalamin maka a kan fuskar jarumi kuwa wata magana ce.

6. Neman gyaran da aka ɓoye

A sauran kayan duniya gyara ƙarin daraja ne. A wannan harka akasin haka ne. Komik mai yagewarsa ta gaskiya ya fi wanda aka yi wa kwalliya aka ɓoye, kuma yawancin gyaran da za ka gamu da shi gyaran gangar Auzinawa ne, wanda wani ya yi a ɗaki da maka da gam.

Mafi yawa shi ne cike launi. Mutum ya ga farin layi a ƙashin baya inda baƙi ya fashe, sai ya bi shi da baƙar maka. Buɗe bangon ka duba ta ciki, daidai bayan wuraren da ke da baƙi ko ja mai kauri. Tawadar maɗaba'a ba ta ratsawa, ta maka kuwa tana ratsawa ta bar ɗigo. Da gilashi kuma za ka ga launin asali ɗige-ɗige ne ƙanana a jere, wurin da aka shafa kuwa ya zama dunƙulallen tabo. Haka in karaya ta gitta wuri mai launi amma ba ta yi fari ba, tambayi kanka dalili.

Gam yana sa wuri ya yi tauri ko ya yi ƙyalli daban. Bi ƙashin baya da kewayen fil da ɗan yatsa a hankali. A nan fitilar duba kuɗi ke aiki: a wuri mai duhu, tsohuwar takarda ba ta amsa hasken, sabuwar takarda da aka yi faci da ita kuwa sai ta haska shuɗi tas, gam ma yakan nuna kansa. Sai dai kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari, baƙar maka sau da yawa ba ta nunawa.

Wanda ya fi ba ni wuya har gobe shi ne datsa. Gefe ya tsufa ya gutsure, sai a sa reza a yanke siririn layi ya koma kamar sabo. Ɗora komik ɗin gwajinka a kai ka ga ko wannan ya gaza. Amma maɗaba'un da ba su cika yanka daidai ba, saboda haka ƙaramin bambanci ba hujja ba ne. Abin da ya fi tabbas shi ne launin bakin takardar: in gefe biyu sun yi ruwan ƙasa, na ukun fari ne sol kuma kaifi kamar wuƙa, alhali ƙashin baya duk ya sha jiki, to reza ta bi ta wurin.

Akwai kuma guga, inda ake sa komik a na'ura mai zafi a miƙar da lanƙwasar da ba ta fasa launi ba. Manyan kamfanonin tantancewa, masu duba komik su ba shi maki, ba sa lissafa wannan a gyara. Amma don Allah kada ka gwada da dutsen gugar gida.

7. Ba shi maki

Ma'aunin da kasuwa ke bi daga 0.5 yake zuwa 10. Masu sayarwa kan rubuta shi da lamba ko da haruffa, ga yadda suke a aikace.

Maki 0.5 zuwa 1 shi ne wanda ya ragargaje, wani yanki ma babu. Maki 2, da ake rubutawa GD, cikakke ne, ana iya karantawa, amma ya sha wuya ƙwarai. Ka lura da wannan da kyau, domin kalmar Turancin da aka taƙaita tana nufin mai kyau, sabon shiga sai ya zaci abin kirki ne, alhali kusan ƙasan tsani ne. Maki 4, VG, shi ne wanda yara suka karanta suka ba abokai, da lanƙwasa da ɗan yagewa. Yawancin tsofaffin da za ka samu a kasuwa nan suke ko ƙasa. Maki 6, FN, an karanta amma an kula da shi. Maki 8, VF, a shimfiɗe yake, da ƙyallinsa, aibinsa sai an nema. Daga 9.4, NM, zuwa 9.8 kuwa kamar ba a taɓa buɗewa ba.

Dabarata ita ce in fara da aibin da ya fi girma, shi ke yanke iyakar da maki ba zai wuce ba, sannan ƙananan su ƙara ja da shi ƙasa. Bango mai kyan 8 da takarda mai karyewa ba 8 ba ne. In ka tsayar da maki, rage ɗaya, domin idon mai so kullum ƙari yake yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai wannan idon sai ya ga ɗaruruwa kafin ya nuna. Hanya mafi araha ta horar da shi ita ce ka riƙa kallon hotunan waɗanda aka riga aka ba maki a shafukan gwanjo, ka rufe lambar da yatsa, ka yi hasashe, sannan ka buɗe.

8. Nawa ya kamata ka biya

Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Abu uku ne ke haɗuwa: a na son sa, yana da wuyar samu, yana da lafiya. Wanda ake so shi ne lambar da wani abu ya fara faruwa a cikinta, kamar Detective Comics lamba 27 ta 1939 da Batman ya fara fitowa, ko Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962 ta Spider-Man, wadda mai maki 9.6 ta kai dala miliyan 3.6 a 2021. Lambar da ke gaba da irin waɗannan ko bayansu, shekararsu ɗaya, takardarsu ɗaya, amma farashi kamar sama da ƙasa. Na zamanin zinariya sun yi ƙaranci ne don ba wanda ya ɗauke su abin ajiya, an tattara da yawa an sake sarrafa takardar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sauran iyaye mata suka share. Na shekarun 1990 kuwa kowa ya saya ya adana a leda yana jiran arziki. X-Men lamba 1 ta 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8, shi ya sa har yau kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Littafin farashi na Overstreet, wanda ke fitowa tun 1970, yana da amfani wajen sanin wace lamba ce muhimmiya. A tsarinsa, a yawancin lambobi mai maki 4 ninki biyu ne na mai maki 2, mai maki 6 ninki uku, daga 8 zuwa sama kuma farashi sai ya yi tashin gwauron zabo. Amma ainihin farashin yau yana wurin abin da aka saya jiya. Shiga kasuwar intanet ta eBay ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kaɗai, ba waɗanda aka kafa wa kuɗi ana jira ba, don kowa na iya rubuta miliyan a kan kayansa. Heritage ma na ajiye tarihin gwanjonsu da hotuna. Nemi ciniki uku zuwa biyar na kusa-kusan nan, masu maki irin naka, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka gwada naka da ke tsirara da farashin wanda kamfani ya tantance ya rufe, nasu kullum ya fi.

Sannan ka yi lissafin abin da ke biyo baya: kuɗin aikowa, kuɗin kwastan, canjin dala, da la'adar da gidajen gwanjo ke ɗora wa mai saye, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashin.

Akwai waɗanda ba za ka same su a littafin farashin Amurka ba, kuma su ne na fi jin daɗin tsinta. Powerman, wanda aka yi don kasuwar Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, Dave Gibbons da Brian Bolland ne suka zana shi kafin su yi suna a duniya. Ga African Film mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, ga Ikebe Super na Wale Adenuga. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi kuma sun tashi da ƙananan nan na Faransanci irin su Akim da Zembla, su kuma ma'auninsu littafin farashi ne na Faransa mai suna BDM. Namu na gida gara da damina sun cinye mafi yawansu. Na taɓa buɗe wani kwali da aka shekara ashirin ba a taɓa ba a ɗakin ajiyar wani kawuna, daga sama bangon farko lafiya lau, ina ɗagawa sai ƙasa ta zubo, gara ta gina gida tun daga gindi ta bar mini fallen sama kamar murfi. Don haka in ka samu cikakke, ko da maki 3 ne, ka sassauta ma'auni.

9. In ba za ka taɓa shi da hannu ba

Sayen intanet sai da hotuna: bangon gaba, na baya, cikin bangon biyu, shafin farko mai ɗan rubutun nan, tsakiya inda fil yake, da ƙashin baya daga gefe. A ciro shi daga leda, a ɗauka a kan abu mai duhu. Tambayi mai shi a rubuce ko ya ƙirga shafuka, ko akwai yanka, ko akwai gyara, ko yana karɓar kaya in an dawo da su. Wanda ya ce shi bai san komai a kan komik ba amma ya san ya sa farashin sama, ka bar shi.

Mai tsada kuwa gara ka sayi wanda aka tantance. Kamfanin CGC da ke jihar Fulorida, wanda ya fara aiki a 2000, da CBCS da ya biyo baya a 2014, suna duba komik su ba shi maki su rufe shi a gidan roba mai tauri. A na CGC launin takardar saman yana magana: shuɗi lafiyayye ne ba gyara, ruwan hoda mai duhu irin na makuba an yi gyara, kore akwai wani babban aibi guda da aka keɓe, kamar hoton nan da aka yanke, rawaya kuma an sa hannu a gaban wakilinsu. Kowanne na da lamba, ka shigar da ita a shafinsu ka ga ko suna da maki sun dace. Duba gefen robar ko an taɓa ɓalle ta. Kuma ka kalli komik ɗin da ke ciki da idonka, domin biyu na iya samun maki 6 ɗaya ya fi ɗaya kyan gani nesa ba kusa ba.

10. Ciniki da kai shi gida

Ka yanke iyakar abin da za ka biya tun kafin ka buɗe baki. Aibin da ka gano kuma ka nuna shi a fili, ba da wulaƙanci ba. Wani dattijo mai tsofaffin littattafai ya taɓa sa mini kuɗi mai yawa a kan wasu guda shida, don ya ji ana cewa irinsu na tsada a Turai. Na buɗe tsakiyar guda na ce, "Baba, duba nan, falle ɗaya ya fita, wannan kuma fil ɗinsa ya ci takarda." Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Wallahi ɗana ban lura ba. To nawa ka saya?" Na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama. Guda huɗu na ɗauka, na bar masa biyun da ke warin danshi.

Da ka isa gida, kowanne ya samu ledarsa da kwalinsa a baya, irin waɗanda ake yi don wannan aiki marasa cin takarda. In babu su, farar takardar kwafi mai kyau gaba da baya ta fi kwalin indomi ko tsohuwar jarida, kafin ka samu na gaske. Jera su a tsaye cikin akwati, a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke tsattsafo da damina, nesa kuma da rufin kwano. Sabon shigowa ya yi mako biyu shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran, ka sake sansana shi ranar da za ka haɗa su.